Aibin da Ke Kusurwar Hagu

Kasar Hilal, farkon Oktoba 1994

Zuwa ga Khalti Mbarka, ƙanwar mahaifiyata, uwar da ta rage mini,

Ina gaishe ki gaisuwar da za ta ishi gidan duka har a ɗibar wa maƙwabta. Yaya gwiwar nan taki? Yaya ƙaramarmu Najma? Ammi Bulbaba, kawuna, na san kai ne mai karanta mata, to ina gaishe ka, kuma don Allah kada ka tsallake layin da bai yi maka daɗi ba kamar yadda ka saba. Ni dai lafiya lau nake, alhamdulillahi.

'Yarki Galiya ta iso lafiya. Na same ta a tasha zaune kan jakarta, ta rungume kwandon rumman kamar za a ƙwace mata. Rumman ɗin tuni ya zama labari, lallen ma matan gidan hayarmu sun rabe shi. Ɗakina muke, na bar mata gefen taga.

An ɗauke ta a masana'antarmu, amma na gwaji tukuna, wata uku, kamar kowa. In ta cika wa'adin ba a yi kuka da aikinta ba, za a ba ta takardar zama cikakkiyar ma'aikaciya. Daga nan sai mu nemi ɗaki babba, ta ɗauko 'yarta Najma ta sa ta makaranta a nan. Ki kwantar da hankalinki, zai yiwu.

Wandon jins muke ɗinka wa mutanen Italiya. Ba a ba mace ɗaya wando ta ɗinka tun daga sama har ƙasa. Wannan ta haɗa ƙafa, waccan ta sa zif, wata ta yi ƙugu, haka yake tafiya hannu zuwa hannu. Galiya aljihun baya aka ba ta, su uku ne a kansa. Da farko tsoron keken take, don na lantarki ne, da an ɗan taɓa shi da ƙafa sai ya zabura. Yanzu kuwa Madam Radiya, shugabar layinmu, wadda ko girkin da ta yi da kanta ba ta yabawa, ta tsaya a kanta ta daɗe tana kallo, ta ce mini, "Munjiya, ina kika ɓoye wannan?"

Na ce, "Jinin masaƙa ne, Madam. Ni kaɗai ce a dangin ko zare ban iya ɗaurawa ba."

Kin taɓa tambayata ni me nake ɗinkawa. Ba na ɗinka komai, Khalti, ni ce ƙofar ƙarshe. Ina tsaye a ƙarshen layi gaban teburi, farar fitila a kaina, tef ɗin awo a wuyana. Duk wandon da aka gama sai ya bi ta hannuna, in juyo cikinsa waje, in ja ɗinki, in auna ƙugu, in gwada zif. In na ga aibi, sai in manna masa 'yar jar kibiya ta takarda daidai wurin, ya koma a gyara. Matan layi Kwastan suke kirana, ba su san daɗi sunan yake yi mini ba. Shekara tara ina wannan aiki, ba a taɓa dawo da kaya daga Italiya an ce ta teburina suka wuce ba.

Ki sumbaci Najma a madadinmu.

Taki,
Munjiya

Udraf, ƙarshen Oktoba

'Yata Munjiya,

Wasiƙarki ta zo, na sa Bulbaba ya karanta sau biyu don in tabbatar bai cinye rabi ba. Muna lafiya. Gwiwa tana nan, ni da ita sai kabari. Haƙorin Najma na gaba ya fita, ta jefa wa rana shi ta ce a ba ta sabo, kuma kullum sai ta tambaya yaushe motar uwarta za ta dawo.

Allah ya yi miki albarka da kika riƙe 'yar'uwarki. Amma yabon nan da Madam ɗinku ta yi bai kwanta mini ba. Ta ce masha Allah kuwa? In ba ta faɗa ba ke ki riƙa faɗa mata. Ki sa ido a kan cin abincin Galiya. Tun rasuwar mijinta Lazhar, shekara biyu ke nan, in ba a sa mata cokali a hannu ba mantawa take tana da ciki. Kuma ki rage mata surutu, na san ki.

Wannan aiki naki na neman aibin mutane a biya ki, da na san akwai irinsa da tuni na turo rabin matan unguwarmu. A nan kyauta suke yi.

Zan ba direba garin bsisa na gasasshen hatsi da man zaitun ya kawo muku, ku riƙa karyawa da shi kafin ku fita.

Khaltinki,
Mbarka

Ƙari daga mai rubutu: Ban taɓa tsallake layi ba, gyara dai nake yi. Ki samo mini wando ɗaya cikin waɗanda kika manna wa kibiya, ni ba mutumin Italiya ba ne. Bulbaba.

Kasar Hilal, tsakiyar Nuwamba

Khalti Mbarka,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da Ammi da mai giɓin haƙori. Saƙo ya iso, mun gode. Galiya tana ci in na zare mata ido. Ammi, maganar wandonka tana raina, ka aiko da awon ƙugunka na gaskiya, ba na lokacin aurenka ba.

Bari in ba ki labarin abin da ya hana ni sakat kwanan nan. Wani aibi ne ya ɓullo a layinmu. A aljihun baya na hagu, can kusurwar ƙasa, ɗinki ɗaya tak yake kaucewa daga layi, bai fi ƙwayar riɗi ba. Na dama lafiya lau. Ba kowane wando ba, amma da yawa, kuma kullum wuri ɗaya. Kibiyoyina har sun kusa ƙarewa.

Aka kira Si Hammadi makanike. Ya sauya allura, ya zuba mai, ya kwance kekunan aljihu duka ukun ya ɗaure. Da ya gaji ya zo teburina yana goge hannu, ya ce, "Kwastan, ki bar kekunana su huta. Keke in ya lalace ba ya zaɓar kusurwa."

Wata daga baya ta ɗaga murya ta ce, "Wai wa zai gani? Sai mai bin bayan mutane yana leƙa musu aljihu!" Layi duka ya ɗauki dariya, har da ni.

Amma ba abin dariya ba ne. Kafin kaya su tafi, masu saye suna turo nasu mai dubawa. Yakan nuna kwalin da ya ga dama a buɗe masa. In ya ga ƙananan aibi iri-iri, yakan ɗauke kai. In kuwa ya ga aibi ɗaya a wuri ɗaya yana maimaituwa, sai ya ce layin ne ya lalace, ya ƙi kayan gaba ɗaya. Mata arba'in ke cin abinci a layin nan, Khalti.

Aikin masu aljihu ukun kwando ɗaya ake zubawa, shi ya sa ban san na wace ce ba. Sauran biyun tsofaffin hannu ne, sun fara jifan juna da habaici. Ni dai maganar Si Hammadi ta zauna mini: hannu ne yake yi, kuma hannun da ya san abin da yake yi. Zan kama ta. Wallahi ko ciki ɗaya muka fito, kibiyata ba ta san dangi ba.

Na ba Galiya labarin muna cin abinci, sai ta ce kanta yana ciwo, ta tashi. Ƙarar kekuna ce, za ta saba.

Taki,
Munjiya

Kasar Hilal, farkon Disamba

Khalti,

Ina gaishe ku. Lafiya kuwa? Shiru ya yi yawa. Na buga waya shagon da ke kusa da ku, mai shagon ya je ya dawo ya ce wai kin ce a ce ba kya nan. In wani abu na yi, a faɗa mini. In gwiwa ce, Ammi ya rubuto layi biyu, hannunsa ai ba ya ciwo.

Aibin nan bai daina ba. Madam Radiya ta ce daga ƙarshen wata kowace cikin ukun za a ba ta kwandonta daban, wadda aka samu a nata kuwa ranar za ta ajiye aiki. Da na ji haka na ce madalla.

Galiya ta rame. Na tambaye ta, ta ce kewar Najma ce. Ki rubuto mata ko kalma ɗaya.

Taki,
Munjiya

Udraf, Disamba

Munjiya,

Muna lafiya. Na ce wa Bulbaba ya rubuta yadda na faɗa, in ya gyara ko harafi ɗaya zan sa a karanta mini a wani gida.

Kin ce ko ciki ɗaya kuka fito kibiyarki ba ta san dangi ba. Na ji, na kuma gane da wa kike. In kin gaji da 'yata, ai sai ki ce ta tattara kayanta, ba ki aiko wa uwarta da gori cikin raha ba. Kusurwar ƙasa ta hagu! Wace mace ce a gidanmu za a faɗa wa haka ta tsaya tambayar hannun wa?

Bulbaba ya hana ni sakat. Ya ce kina ƙarama babanki ya tafi da ku arewa, kuma yayata ta rasu ba ta zaunar da ke gaban masaƙa ba, don haka mai yiwuwa ba ki sani ba. Na ce mai ganin ƙwayar riɗi a wando ita ce ba ta sani ba? Ya nace. To ga shi, ko kin sani ko ba ki sani ba.

Tun zamanin kakata, macen gidanmu ba ta sauke saƙa sai ta bar aibi ɗaya da gangan a kusurwar ƙasa ta hagu, zare ɗaya a karkace. Kamala ta Allah ce shi kaɗai. Kuma idon mai kallo yana son inda zai tsaya, in bai samu a saƙar ba sai ya wuce kan mai saƙar da abin da take so.

Da Lazhar ya gina musu ɗaki, Galiya ta kafa margum, babbar dardumar ulu, don shimfiɗa a ciki. Shekara guda tana kanta. Da ta zo saukewa na ce, "Ki bar mata aibin nan a kusurwa." Ta yi dariya ta ce, "Yumma, camfi ne. Ba zan ɓata aikin shekara da hannuna ba." Matan Udraf suka cika gidan, suka juya ta gaba da baya, suka yi guɗa, suka ce babu aibi ko ɗaya, ba a taɓa yin irinta ba. Kafin kakar dabino ta wuce, Lazhar ya faɗo daga bishiya, mutumin da tun yana yaro yake hawa.

Ba wanda ya ce mata komai. Ni ma ban taɓa cewa ba, Allah ne shaidata. Ita da kanta ta naɗe dardumar ta kulle a akwati. Tun daga ranar, ko burodi ta murza sai ta tsunkuli gefensa. Najma kaɗai ta rage mata. Duk wandon da ya fita hannunta ba aibi, gani take ta ɗora Najma kan bishiyar dabino.

Ki sa ta a mota ta dawo gida kafin a kore ta gaban mutane.

Mbarka

Ƙari daga mai rubutu: Liman ya faɗa musu ajali ne, ni ma na faɗa. Sukan ce haka ne, sai su koma su ci gaba. Ke kika san aikinki, 'yata, ki yi abin da ya dace. Bulbaba.

Kasar Hilal, Disamba

Khalti Mbarka, uwata ko kin so ko kin ƙi,

Ina gaishe ki, ina gaishe da Ammi, Allah ya saka masa da ya tsaya mini. Wallahi ban sani ba. A matakala na buɗe wasiƙarki, a nan na zauna har na gama. Ina ta cika baki zan kama ɓarauniya, ashe da ita nake raba kwanon abinci, tana jina tana haɗiye kuka. Raina ya ɓaci ƙwarai. Ki yafe mini kalmar nan.

Amma ba zan sa ta a mota ba. Kuma ba zan rufe ido wandon ya wuce ba, don sauran matan layin su ma suna da tasu Najma a gida.

Madam Radiya na fara samu. Na ce, "Na san mai yi. 'Yar'uwata ce."

Ta kalle ni ta saman tabarau ta ce, "To kin san abin da doka ta ce."

Na ce, "Na sani. Ki bar mini ita zuwa ranar da za a raba kwanduna. In bayan nan kika ga kibiya ɗaya a kusurwar hagu, ni zan raka ta ƙofa da kaina."

Ta ce, "Kwastan ce yau take neman alfarma? Lalle za a yi ruwa. Je ki."

Da aka tashi cin abincin rana na riƙe hannun Galiya na kai ta teburina. Na ce mata Yummarta ta faɗa mini komai. Ta yi fari fat, ta ce, "To ki bar ni in tafi, Munjiya. Ba zan iya dainawa ba. Na gwada, ƙafata ce take ɗagawa da kanta."

Ban yi musu da ita ba. Na jawo wando daga kwandonsu na nuna mata aljihun dama, na ce, "Wannan naki ne?" Ta ce nata ne. "Kin bar masa wani abu?" Ta ce a'a, na dama ba ta taɓa shi.

Muna da wani ɗan gilashi mai ƙara girman abu, da shi muke ƙirga zare. Na ɗora shi kan ɗinkin na ce ta leƙa. Ta ga yadda wani taku ya fi wani tsawo. Na sa tef, bakin aljihun ya ɗan sauka a gefe ɗaya kamar kaurin farce. Sai na ɗebo daga tulin da na riga na yarda ya wuce, aikin gwanayen layi, muka bi su ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya fita babu aibi.

Na ce, "Kina tsammani abin da nake bari ya wuce ba shi da aibi? Ba a sa ni neman marar aibi ba, don babu shi. Iyaka aka ba ni. Abin da ya haura ta in mayar, wanda bai kai ba in bar shi ya tafi da aibinsa. Shekara tara hannuna yana cikin wando, ban taɓa riƙe cikakke ba. Allah bai ɗora miki gadin kamalarsa ba, Galiya, ba ta buƙatar mai gadi."

Ta daɗe tana juya gilashin a hannu. Har na fara murna. Sai ta ce, "Wannan keke ne, gudu yake. Margum ɗina da hannu na yi shi, zare bayan zare. Matan Udraf duka sun duba ba su samu ba."

Na ce, "Matan Udraf ba Kwastan ba ne."

Don haka, Khalti, ki buɗe akwatin nan ki aiko mini da dardumar a motar farko. Lokaci ya matse. Ammi, in ta tsaya jan ƙafa ka san inda take ajiye mabuɗi.

Taki,
Munjiya

Udraf, Disamba

'Yata Munjiya,

Muna lafiya. Na yafe, ke ma ki yafe wa tsohuwa mai saurin fushi.

Ga margum ɗin nan hannun direba, na naɗe shi cikin farin zane. Ban buɗe na kalla ba, ban iya ba. Bulbaba bai sha wahalar neman mabuɗi ba, ni na ba shi.

Abu ɗaya zan roƙe ki. In ba ki sami aibi ba, kada ki ƙirƙira. Masaƙiya ce, za ta gane. Kuma ki sani, in kika duba da wannan idon naki kika rasa, to kin tabbatar mata da abin da take tsoro, ba mai sake cire mata shi. Kin cika yarda da kanki, haka uwarki take. Allah ya sa wannan karon kina da gaskiya.

Khaltinki,
Mbarka

Kasar Hilal, Janairu 1995

Khalti Mbarka,

Gaisuwa mai yawa gare ki da Ammi da Najma. Muna lafiya ƙalau. Na san kin ƙagu, to ki zauna ki miƙe gwiwar.

Ranar Lahadi da safe muka hau rufin gida muka shimfiɗa margum ɗin a rana. Khalti, ban taɓa ganin abin da hannu ya yi mai kyau irin wannan ba. Gabana ya faɗi, ba zan ɓoye miki ba. Galiya ta zauna jikin bango ta juya masa gefe. Na durƙusa na bi fuskarsa daga wannan baki zuwa wancan har rana ta ɗaga, ban ga komai ba. Ta ce, ba ta ko kalle ni ba, "Na faɗa miki."

Sai na gane kallo nake yi irin na matan Udraf, ba dubawa ba. Na ce wa kaina, Kwastan, wando ne aka kawo miki, yi aikinki.

Na ninka shi biyu, baki ya haɗu da baki. Ƙarshen ya gaza farkon da faɗin yatsa biyu, hannunta ya ƙara tsauri da ta kusa gamawa. Na manna kibiya. Ta leƙo ta ce, "Wannan ai kowace saƙa tana yi."

Na ce, "To me nake faɗa miki tun rannan?"

Na kifa shi na bi bayansa da gilashi da allura ina ƙirga layukan zanen. A tsakiya na sami zane biyu masu kallon juna, ɗaya ya fi ɗan'uwansa da layi guda. Na miƙa mata allurar. Ta ƙirga, ta sake, ta kuma sakewa. Da kanta ta ɗauki kibiya ta manna.

Na ukun rana ce ta nuna mini. Na ɗaga gefe ɗaya haske ya bi ta karkace, sai ga wani yanki kamar faɗin tafin hannu da jansa ya ɗan fi sauran duhu. Na ce ta zo ta tsaya inda nake. Ta kalla, ta rufe baki da hannu.

Ta ce, "Ulu ne ya ƙare mini. Lazhar ya hau babur ya je Gabis ya sayo wani. Na ce masa anya iri ɗaya ne? Ya rantse iri ɗaya ne, ya ce ja ai ja ne." Ta fashe da dariya, dariyar ta juye kuka. Ta kwanta kan dardumar ta sa fuska a wurin tana cewa, "Ashe tun yana raye aibin yana ciki. Shi ya kawo shi da hannunsa." Na bar ta ta yi mai isarta. Ni ma na yi nawa, kada Ammi ya tsallake wannan layin.

An raba kwanduna kamar yadda Madam ta ce. Kwandon Galiya na fi tsanantawa, don kada a ce. Kusurwar hagu tsaf. Rannan dai na kama zare yana reto a aljihun dama, na manna mata kibiya da murnata, ta harare ni ta ce, "Kwastan marar imani." Mai duba na masu saye ya zo ya buɗe kwalayensa, kaya sun tafi. Shekaranjiya Madam Radiya ta ba Galiya takardarta, kuma ta ce masha Allah, ni na tuna mata.

Burodi dai har yanzu tana tsunkular gefensa. Wannan ba ruwan Italiya, na ƙyale ta.

Mun sami ɗaki a hawa na biyu, za mu zo ɗaukar Najma a hutun makaranta. Galiya ta ce a mayar miki da margum ɗin kafin nan, kuma kada a cire kibiyoyin. Ta ce kin san abin da za ki yi da shi. Wandon Ammi yana naɗe a ciki.

Taki,
Munjiya

Udraf, Fabrairu

'Yata Munjiya,

Muna lafiya, gwiwa ma ta ɗan yi sauƙi. Bulbaba ya karanta har layin da kika ce, sai da ya tsaya ya share hanci, wai mura ce. Wandon yana jikinsa, ya juya shi gaba da baya ya ce ke dai neman rigima gare ki, shi bai ga komai ba.

Na shimfiɗa dardumar a tsakar gida da kibiyoyinta, na aika aka kira matan unguwa, waɗanda suka yi guɗa a kanta wancan karon. Na sa kowace ta durƙusa ta duba. Kin san su. Kafin shayi ya huce kowace ta ce ai ita tun lokacin ta ga jan nan ya bambanta, kunya ce ta hana ta faɗa. A kan dardumar Najma take kwanciyar rana yanzu, kuma ta ce da ita za ta tafi sabon ɗaki.

Ki faɗa wa Galiya jiya na gama bargon da nake saƙa wa Najma. Da na zo saukewa hannuna ya tafi kusurwar hagu da kansa, kamar yadda ya saba shekara hamsin. Na tsaya ina kallonsa. Sai na janye shi, na sauke bargon haka nan.

In za ku zo, ki taho da gilashinki.

Khaltinki,
Mbarka